Gorar Ruwan Lauya

Ni dai har gobe in na ji an ce "doka ce," sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ba wai ba na son doka ba ne. A kamfanin ruwan gora nake aiki, a layin murfi, kuma can tun daga ƙofa doka ce: ba zobe, ba awarwaro, ba dogon farce, kai a rufe, hannu a safa. Wuni nake tsaye gaban bel ɗin inji, goruna na wucewa a kansa, idona a kan zoben murfi, wadda ta karkace in tsame ta, wadda ta tsage in jefa kwando. Ban taɓa yin gardama da ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ba, don na san amfaninsu. Amma dokar da yayana ya kafa a makarantar 'yata, wannan kam ko a gaban waye zan faɗa, ban yafe mata ba.

'Yata ɗaya ce tak. Lauya muke ce mata, saboda baki. Haka gidanmu yake, tun yara na rarrafe muke raba musu digiri. Ɗan Yaya shi ne Injiniya, don tun bai iya ɗaura wando ba yake kwance rediyon ubansa. Ita kuwa Lauya, ki ce mata ta share tsakar gida, sai ta kawo miki hujja uku a kan cewa ba ranarta ba ce, alhali ita kaɗai ce yarinya a gidan. Ubanta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida, saboda haka ni da ita ne muke ta bugawa.

Lauya sikila ce. Wanda bai taɓa riƙe yaro ciwon nan ya tashi masa ba, kada ya ce mini ya gane. Ƙashi ne ke ciwo, ba a ganin rauni, ba a ganin jini, sai ihu. Tun tana ƙarama likitanta ya ce mini, magani dai ga shi nan, amma babban maganinta ruwa. Ta sha da safe, ta sha da rana, ta sha ko ba ta jin ƙishi, kaɗan-kaɗan, ba tare da yankewa ba. Da zarar jikinta ya bushe, jinin ya yi kauri, to kin san sauran. Don haka gora ta zama kamar wata gaɓa a jikinta. Kullum da safe nakan cika mata babba, shuɗiya mai igiya, in ta dawo kuma kafin ma in amsa sallamarta sai na girgiza gorar na ji babu komai a ciki.

Makarantar da take, kowa a garin nan yana son ɗansa ya shiga. Da kanta ta ci jarrabawar shiga, ba wanda ya yi mata hanya. Ranar da sunanta ya fito, da kayan makarantar ta wuni a jiki, ta ƙi cirewa har sai da na yi mata tsawa. Akwai ɗakin gwaje-gwaje a can, akwai ƙungiyar muhawara da ta shiga tun zangon farko, akwai wata malamar kimiyya da ba ta da zance sai nata. In kina son ki ga Lauya ta yi kuka, ba allura ba, ki ce mata yau ba za ta je makaranta ba.

A makarantar nan Injiniya ya lalace. Yaro mai ƙwaƙwalwa, wallahi, yaron da ya gyara mini fanka yana aji ɗaya. Manyan ɗalibai suka koya masa zuba maganin tari mai bugarwa a cikin gorar lemo. A cikin aji suke sha, a gaban malami, kowa na zaton lemo ne ko ruwa. Kafin a farga ya yi nisa. Aka kore shi, aka kai shi asibiti, ya dawo, ya koma, ya sake dawowa. Yanzu yana nan a bayan shagon ubansa, a kan wani mataccen firji, yana kallon bango. Yaya mai gyaran firji ne, mutum mai hannu da zuciya, amma tun abin nan ya faru dariya ta bar fuskarsa. Ya shiga ƙungiyar iyaye da malamai, ya dage har ya zama shugabanta, kuma tun daga ranar ba shi da magana sai ta gora.

Ranar da aka yi taron da aka kafa dokar ina wajen aiki. Wa zai bar layi don taron iyaye? Sai kawai wata safiya Lauya ta dawo gida da gudu, tana haki, wai mai gadi ya ce ba a shiga da gora. Kowace iri. Ta ruwa, ta lemo, ta shayi, babba da ƙarama, an hana. Wanda yake jin ƙishi ya jira a fita tara ya je famfo.

Famfo! Na san famfon nan. Yana can ƙarshen fili, jikin bangon banɗaki, kai guda ne, ɗalibai kuwa kamar a kasuwa. Ran da ya ga dama ya kawo ruwa, ran da bai ga dama ba ya yi ta tari yana fitar da iska. Yarinyar da ba ta da ƙarfin ture kaza, ita ce za ta kutsa cikin ƙartin samari ta kai bakin famfo?

Ko ɗankwali ban daidaita ba na nufi shagon Yaya. Na same shi durƙushe bayan wani firji, yana hura wuta a bututu.

Na ce, "Yaya, da saninka aka hana Lauya shiga da ruwa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba Lauya aka hana ba. Kowa aka hana."

"To ita ba ta cikin kowa ne? Ka manta abin da ke jikinta?"

Ya kashe wutar, ya miƙe, ya share hannu a jikin riga. Ya ce, "Ban manta ba. Ke ce kika manta abin da ke bayan shagon nan. Leƙa ki gani. Leƙa mana!"

Ban leƙa ba, na san abin da ke can. Na ce, "Don an cuci ɗanka sai a kashe tawa?"

"Kai, ji bakinki! Wa ya ce a kashe ta? Yara nawa ne a makarantar nan? Kin san nawa aka kama da gora bana? Har da 'yan aji ɗaya, har da mata. Da an yi dokar nan tuntuni, da yanzu yarona yana jami'a. Ki ce in zauna in zuba ido a ƙara kwashe na wasu?"

"Ban ce ka zuba ido ba. Ku kama masu sha mana! Ku sunsuna gorar kowa a ƙofa in kun ga dama. Amma ku rasa abin hanawa sai ruwa? Ruwa fa, Yaya!"

Ya ce, "Mai gadi ɗaya ne, hancinsa ɗaya. Kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya, an buɗe wa kowa. Gobe kowane uba zai zo da takardar likita, wannan olsa, wancan ciwon kai. Dokar da ke da ƙofar baya ba doka ba ce."

Ku riƙe maganar nan tasa, don za ta dawo.

Na ce to shi ke nan, na kawo mafita. A kamfaninmu ana ba mu ruwa, zan riƙa ba ta sabuwar gora wadda ba a taɓa buɗewa ba, zobenta a haɗe, mai gadi ya duba da idonsa. Ni nake duba zoben nan wuni guda, na san ba ya ƙarya. Sai Yaya ya yi wani murmushi mai ciwo, ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya! Faɗa wa gwaggonka yadda ake yi da sabuwar gora."

Daga bayan shago muryar yaron ta fito, a hankali, kamar mai magana cikin barci. Ya ce, "Da sirinji ne, Gwaggo. Ta ƙarƙashin takardar jiki ake hudawa, a ɗiga kyandir a toshe."

Haushi ya ƙara kama ni, don na ga yana da gaskiya a wannan, ni kuma ba gaskiyarsa nake nema ba, ruwa nake nema wa 'yata.

Daga nan makarantar na wuce, Lauya na biye da ni tana ta jan mayafina, wai Mama don Allah a hankali. A hankali? A ofishin shugabar makaranta na sauke duk abin da ke cikina, kuma na san an ji ni har ajujuwa, don na ga kawuna a tagogi. Ita shugabar, a gaskiya, ba muguwar mace ba ce. Ta bar ni na gama, ta ba ni kujera, ta ce ta fahimta. Ta ce dokar ba tata ba ce ita kaɗai, ta iyaye ce, ba za ta iya karya ta ba, amma ga abin da za a yi: kullum da safe Lauya ta miƙa gorarta a ofis. Duk lokacin da take son sha, ta ɗaga hannu a aji, ta nemi izini, ta zo ofis ta sha a gaban sakatariya, ta koma. In an tashi ta karɓi abarta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, sau nawa za ta ɗaga hannun nan a wuni?"

Ta ce, "Ko sau nawa ne, ba wanda zai hana ta."

Na kalli Lauya, ta sunkuyar da kai ta ce ya yi. Yarinyar da ke gardama da ni a kan gishirin miya, ranar ko uffan ba ta ƙara ba. Na ɗauka gajiya ce.

Aka ci gaba a haka. Kullum in cika gora, kullum ta dawo, in girgiza, wayam. In ce, "Kin shanye?" ta ce, "Ga shi kuwa kin gani." Hankalina ya kwanta. Har na fara gaishe da Yaya a hanya, ko da yake a daƙile. Na lura leɓenta na bushewa, na saya mata man leɓe. Na lura tana dawowa da ciwon kai, na ce karatu ne ya yi yawa. Gora dai ba komai a ciki, to me zan zarga?

Wata rana da hantsi, ina kan layi, mai kula da mu ya taɓo kafaɗata ya ce ana nemana a waya. Daga makaranta ne. Lauya ta faɗi a ɗakin gwaje-gwaje, an wuce da ita asibiti. Da safar hannu da hular aiki na fita, sai a cikin mota na lura.

Tun daga baranda na jiyo muryarta. Na sha jin kukan ciwon nan, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Ta dunƙule a kan gado, tana dukan ƙirjinta da bayanta, tana kiran sunan Allah tana kirana. Nas biyu suna neman jijiya a hannunta sun rasa, jijiyoyin duk sun shige. Da ƙyar aka samu a ƙafa aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Likita ya ja ni gefe, ransa a ɓace, ya ce, "Baiwar Allah, ba na ce miki ruwa ba? Yarinyar nan a bushe take ƙarau. Wannan ba bushewar yau ba ce."

Na ce, "Likita, wallahi tana sha. Kullum sai ta shanye gora guda, ni nake dubawa."

Ya ce, "To jikinta bai gani ba."

Sai da rana ta yi tsaka allurar ta kama ta, ta yi lamo. Ina zaune a bakin gado ina ta juya maganar likita, sai na ga mutum tsaye a ƙofa, dogo, rigarsa a yamutse. Injiniya ne. Yaron da ya daɗe bai taka ko bakin titi ba, shi ne ya tako har asibiti da ƙafarsa. Ya kasa shigowa, sai ni na fita.

Ya ce, "Gwaggo, ba ta sha."

Na ce, "Me ka ce?"

"Ruwan. Ba ta sha a makaranta. In an tashi ta bayan shagonmu take biyowa. Sai ta ɗan kurɓa, sauran ta juye a gindin gwandar nan da ta fito a jikin bango. Ta ce kar in faɗa. Ni ban san zai yi mata haka ba, wallahi ban sani ba."

Na san gwandar. Har na taɓa cewa a raina, ji wannan tsiro, ba mai ba shi ruwa amma sai sheƙi yake. Ashe da ruwan 'yata yake sheƙi.

Na ce, "Don me? Don me za ta zubar?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ita ta gaya masa. Duk sanda ta ɗaga hannu, sai 'yan bayan aji su fara ƙwat-ƙwat da maƙogwaro. In ta fito baranda, samari su riƙa tangaɗi suna layi kamar bugaggu. Sun sa mata suna Hajiya Gora. Suna cewa ai ba ruwa take zuwa sha ofis ba, gadon gida ne, ba ga ɗan kawunta can a kan firji ba. Wani malami ma ya taɓa ce mata, ke kullum sai kin katse mini darasi? Daga nan ta daina ɗaga hannu. In kuma ta dawo da ruwan gida, ta san zan koma makarantar in ɗaga musu murya a gaban kowa, ko in cire ta gaba ɗaya. Ita kuwa ta gwammace komai a kan ta bar makarantar nan.

Yana rufe baki sai ga Yaya ya shigo barandar da ledar lemo da ayaba. Wallahi ban san sanda na yi kansa ba.

Na ce, "Ka zo ganin aikinka? Shiga ka gani! Shiga, shugaban iyaye!"

Ya ce, "Ki yi a hankali, asibiti ne nan."

"Kowa a hankali, a hankali! A hankali ɗin ne ya kawo mu nan!" Na zayyane masa duk abin da ɗansa ya faɗa, ban rage ko ɗaya ba, har da gadon gida. Na ga maganar ta shige shi, amma Yaya akwai taurin kai, gidanmu ne. Ya ce ai an yi mata hanya, ita ce ba ta bi ba. Ya ce laifin yara marasa tarbiyya ne, ba laifin doka ba. Ya ce tun da aka hana gora ba a ƙara kama ko yaro ɗaya ba.

Sai Injiniya ya ce, ba tare da ya kalle shi ba, "Baba, a lungun bayan makaranta suke shanyewa kafin su shiga. Daga bayan shagonmu ina hango su."

Yaya ya ce, "To ko ba komai ba a cikin aji ba. Ƙananan ba sa gani balle su koya." Kuma ya faɗe ta da ƙarfi, don ya yarda da ita.

Muna cikin haka Lauya ta motsa. Muka shiga. Idonta a rufe rabi, allura ba ta sake ta ba, leɓenta duk ya tsattsage. Nas ta ce a ba ta ruwa ta kurɓa. Gorar tana kusa da Yaya, sai ya ɗauka ya buɗe, ya tallafo kanta da hannunsa mai baƙin mai, ya kai bakinta. Ya ce, "Sha, Lauyata. Kawu ne."

Ta kawar da kai. Ta ɗan buɗe ido tana dube-dube, ta ce da wata 'yar murya, "A'a, Kawu, an hana. Za su gani."

Yaya ya mayar da kanta kan filo. Ya ajiye gorar, ya fita. Ta taga na hango shi a jikin wata bishiya, ya dafa ta da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Ban ji tausayinsa ba a lokacin, ba zan yi muku ƙarya ba.

Lauya ta daɗe a asibiti. Ciwon ya taɓa mata ƙugu, har yanzu in ta yi tafiya mai nisa sai ta ɗingisa. Likita ya ce mini a fili, ko dai gora a kan teburinta, a gabanta, ko kuma a canza mata makaranta. Ita kuwa tana farfaɗowa tambayarta ta farko, an yi muhawarar da aka sa ta a ciki? Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, don Allah kar ki cire ni. Zan riƙa ɗaga hannu, na rantse."

Yaya da kansa ya kira taron iyaye. A wannan karon na bar layi, in sun ga dama su kore ni. Babban ɗakin taro ya cika, fanka na juya zafi, iyaye a kan kujerun yara gwiwoyinsu na taɓa tebur. Yaya ya miƙe, ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban jama'a ba. Ya ba da labarin Lauya. Bai ce a soke dokar ba. Cewa ya yi a bar yaron da likita ya tabbatar da ciwonsa ya shiga aji da ruwansa, a gora mai haske wadda ake ganin cikinta, malami ya ɗanɗana in yana so.

Sai wani mutum mai gilashi ya miƙe a tsakiya. Ya ce, "Shugaba, Allah ya ba yarinya lafiya. Amma kai ka tsaya a nan, a wurin nan da kake tsaye, ka ce mana in aka buɗe wa mutum ɗaya an buɗe wa kowa. Ko ba kai ba ne?"

Wata mata daga baya ta ce, "Ka ce dokar da ke da ƙofar baya ba doka ba ce. Mun tafa maka!"

Wani ya ce, "Da 'yar wani ce, da ka kira taro? Don 'yar ƙanwarka ce!"

Sai wata dattijuwa ta miƙe da ƙyar, tana dafa tebur. Ba ta yi ihu ba. Ta ce jikanta take riƙo, an taɓa kama shi da gora, tun da aka yi dokar nan ta samu ya dawo hayyacinsa, yana cin abinci, yana karatu. Ta ce, "Ɗana, ni ban san sikila ba, amma na san abin da na gani a gidana. Ina roƙonku kada ku taɓa dokar nan." Ta zauna tana share ido. Ita kam ko a raina ban iya zaginta ba.

Na miƙe ba tare da an ba ni izini ba. Na ce, "Jama'a, ruwa fa ake magana! Ba wanda ya ce a bar 'ya'yanku su sha guba. Ku gyara famfo, ku ƙara masu gadi, ku je lungun bayan makaranta ku gani da idonku. Kun kasa kama masu laifi, sai kuka kama wadda ba ta iya gudu. Dokar da ba ta iya bambanta maganin maye da ruwan marar lafiya, wace irin doka ce wannan?" Aka yi ta hayaniya, wasu na cewa gaskiya ne, wasu na cewa a zaunar da ita. Wani har da cewa in yarinya ba ta da lafiya ai gida ya fi mata. Allah ne ya taimake shi akwai tebura tsakaninmu.

Shugabar makaranta ta ce a ɗaga hannu. Na masu son a sassauta suka tashi, jefi-jefi, har da na malamar kimiyya da ke tsaye a jikin ƙofa. Sannan na masu son a bar doka yadda take suka tashi, ɗakin ya yi duhu da hannuwa. Ba sai an ƙirga ba. Yaya na tsaye da hula a hannu, yana kallon mutanen da shi ya koya musu abin da za su faɗa.

Ni na gaya wa Lauya cewa dole ta bar makarantar. Ba ta yi gardama ba, ba ta kawo hujja ko ɗaya ba. Ta tashi ta ninke kayan makarantar, ta goge takalmin, ta sa su a ƙasan akwati. Da ta yi mini ihu ma da ya fi mini sauƙi.

Yanzu tana wata ƙaramar makaranta a bayan tashar mota. Ba ɗakin gwaje-gwaje, ba ƙungiyar muhawara, allon ma ya tsage. Amma sun ce ta zo da gora ko goma ne. Malamarsu ta tare ni a ƙofa kwanan baya, ta ce, "Maman Lauya, gorar nan fa a kan tebur take wuni. Sai kowa ya fita tara take ɗauka, ta juya wa ƙofa baya. Ni nake tsare ta in ce sha."

Yaya ya sauka daga shugabancin. Dokar tana nan daram, har wasu makarantu sun kwaikwaya, ana ta yaba musu. Yakan zo gidanmu yanzu duk ƙarshen mako, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya ce ko firjinmu na buƙatar dubawa. Firjinmu lafiyarsa lau.

Zuwansa na ƙarshe, muna zaune mu uku a falo, ana zafi. Lauya ta tashi, ta ɗauki kofi, ta buɗe firji ta zuba ruwa. Maimakon ta sha a nan, sai ta rufe kofin da gefen mayafinta, ta ɗingisa ta nufi bayan labule.

Yaya ya ce, "Lauya, ina za ki?"

Ta ce, "Ruwa zan sha, Kawu. Yanzu zan dawo."

Labulen ya rufe. Muna jin ƙarar haɗiyarta, da sauri-sauri, kamar wadda ake bi. Yaya ya juyo ya kalle ni, bakinsa a buɗe.

Na ce, "Me kake kallona? Dokarka ce, Yaya. Ga ta nan tana aiki."